Mijin Yayata Mai Giwa

Mijin yayata ya shekara talatin da huɗu yana kwashe kashin giwa, kuma idan ka faɗa masa haka a gaban mutane ba zai ji haushi ba, sai dai ya tuna maka cewa ka manta da wanka da gyaran farce. A gidan namun daji na garinmu yake aiki. Yana saurayi aka ɗauke shi mai shara, aka tura shi ɓangaren giwa saboda kowa ya ƙi zuwa, shi kuma bai san ana iya ƙi ba. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace. Kowa Mai Giwa yake ce masa, har 'yarsa ɗaya tilo da ta fara magana haka ta riƙa kiransa sai da aka kwaɓe ta.

Ni ce autar gidanmu. Ina da shekara tara aka yi aurensu, saboda haka da tsokanarsa na girma. Dogo ne siriri, mai tafiya a hankali, magana kuwa sai ka ja ta daga bakinsa da ƙarfi. Idan ya dawo daga aiki warin keji ne ke riga shi yin sallama. Nakan toshe hanci in ce ko makaho ya san maigidan ya dawo, shi kuma ya ce, "Auta, giwar ma ta ce in gaishe ki, ta ce har can take jin muryarki." Iyakar ramuwarsa ke nan, kuma shekara da shekaru bai canza ta ba.

Yaya kuwa tela ce, kuma Tela yake kiranta. Keken ɗinkinta na ɗakin gaba, jikin taga, kullum ƙasa cike da ƙyallaye da guntayen zare. Mace ce mai faɗi da dariya, mai magana da allura a baki, wadda za ta auna ki ta ce kin ƙara ƙiba ko ba ki tambaye ta ba. Ita ke yin maganar gidan gaba ɗaya, ta yi tata ta yi tasa. Amma duk surutunta, ban taɓa ganin ya ce a yi abu ta tsallake ba. Dalili kuwa shi ne da wuya ya ce a yi.

Giwa ɗaya ce a wurin, suna ce mata Tsohuwa tun ba ta tsufa ba. A bayan babbar mota aka kawo ta da sarƙa a ƙafa, har yau tabon yana nan. Wanda ya riƙe ta kafin shi da sanda mai ƙugiya yake bi da ita, ita kuma ta taɓa matse shi da bango ta karya masa haƙarƙari uku. Da Mai Giwa ya karɓe ta sai ya rataye sandar a bayan ƙofar ɗakin ajiya, ba ta ƙara saukowa ba. Kayan aikinsa usur ne da guntayen rake a aljihu. Idan ta yi abin da yake so ya busa usur ya ba ta rake. Idan ta ƙi ya juya ya ɗauki baro ya ci gaba da shara, gobe ya sake gwadawa. Shekara guda cur ya yi kafin ta yarda ta ɗora ƙafa a kan gungume ya goge mata farce da magagari. Na taɓa kai 'yan ajina yawon buɗe ido, don ni malamar firamare ce, na tsaya na kalle shi durƙushe a gindin wannan uwar dabba yana goga yana mata magana ƙasa-ƙasa. Ranar ban tsokane shi ba. A ganinsa duk halittar da ka tilasta wa ka rasa ta, wadda ka jira kuwa da ƙafarta za ta zo, kuma a kan giwa bai taɓa yin kuskure ba.

Yana da shekara talatin da biyu a aikin wata mata ta zo daga jami'a, gajera, da takalmin roba da ya fi ƙafarta girma da 'yar kular ajiye jini a hannu. Dakta ake ce mata. Jinin Tsohuwa take so, sau ɗaya a wata, kuma ba tare da an yi mata allurar barci ba, don giwa mai shekarunta idan aka kwantar da ita ba lallai ta tashi ba. Shugaban wurin ya ce abin ba zai yiwu ba. Mai Giwa ya ce a ba shi lokaci.

Wata huɗu ya ɗauka. Da farko ya koya mata jingina da ƙarafan shinge ta gefe. Sai ta saba da ya riƙe mata kunne. Daga nan ya fara zuwa da bokitin ruwan ɗumi yana zuba mata a bayan kunnen, don jijiyoyin su taso su fito fili. Ya yi makonni yana tsikarar wurin da tsinke kawai, ya busa usur, ya ba da rake. Ranar da allura ta gaske ta shiga, Tsohuwa ko motsi ba ta yi ba, tana ta lalubar aljihunsa da hannunta. Dakta ta cika kwalabe huɗu, ta kusa rungume shi don murna, shi kuma ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Daga nan aka tsayar da Talatar farko ta kowane wata.

Wata Asabar da yamma ina gidansu ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ɗinki ya yi mana maganar da ta fi duk wadda ya yi a shekarar yawa. Ya ce Dakta ta bayyana masa abin da take nema. Wai jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma ciwon daji yana farawa ne idan ɗaya daga ciki ta lalace ta kama hayayyafa ba tsayawa. To giwa ta ninka mutum girma nesa ba kusa ba, tana kuma kai shekara sittin ko saba'in, don haka a hankalce ita ya kamata ciwon ya fi cinyewa. Amma ba kasafai yake kashe su ba. Wai a cikin kowace ƙwaya akwai wani abu na gado da ke aikin gadi. Mutum iri ɗaya yake da shi, giwa tana da kusan ashirin, kuma nata ba sa ɓata lokaci wajen lallaɓa ƙwayar da ta lalace, kashe ta suke yi. Ya ce kakannin giwa na can farko ƙanana ne, suna ƙara girma masu gadin suna ƙaruwa. Ya ce akwai jemagu da wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa mara gashi da su ma suke da tasu dabarar. Yana faɗa yana ƙirga da yatsu, fuskarsa cike da alfahari kamar 'yarsa ce ta zo ta ɗaya a aji. Yaya ta cire allura daga baki ta ce ashe shi ya sa yake fifita giwar a kanta, ita mai gadi ɗaya ce da ita, shi ma kullum yana wurin aiki. Muka yi dariya, na ce yau dai an samu farfesa a gidan.

Wata bakwai bayan haka Yaya ta kira ni cikin ɗaki ta rufe ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Wani ƙullutu ne mai tauri, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce ba ya ciwo, don haka ba komai ba ne, amma ta ƙi sakin hannuna.

Mu uku muka je asibiti. Muka zauna a dogon benci na baranda tun safe har rana ta take, aka ɗebi ɗan nama aka ce mu dawo. Da muka koma, likitan, wani matashi mai tabarau, bai yi mana ɓoye-ɓoye ba. Ya ce sankarar mama ce, amma mun yi sa'a ƙarama ce, an kama ta da wuri. Ya ce a yi tiyata a cire, kuma yana da kyakkyawan zato. Ya rubuta rana a kati, mako uku masu zuwa. Yana ambaton tiyata na ga Yaya ta riƙe gefen tebur, na kuma san dalili. Mahaifiyarmu da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, tana ce wa Yaya ta kula da tukunyar da ta bari, aka fito da ita a lulluɓe. Ni ban kai wayo ba lokacin. Yaya tana da shekara goma sha shida, ita ce ta tsaya a bakin ƙofar.

Muna isa gida ta yi tsalle ta dire ta ce ba wanda zai sa mata wuƙa. Na lallashe ta, na yi faɗa, na yi kuka, 'yarta da ke aure a wani gari ta riƙa kira a waya tana roƙonta. Duk a banza. Sai muka juya kansa. Na ce masa shi ne mijinta, kalma ɗaya zai faɗa ta tashi ta bi shi, kowa ya san haka. Ya ce tsoro ne ke damunta, kuma mai jin tsoro ba a jan sa, a bar ta za ta je da ƙafarta.

Ya kuwa fara aikinsa a kanta. Da yamma idan ya tashi ya ce ta raka shi miƙe ƙafa, su bi ta gaban asibitin su wuce. Bayan kwanaki suka fara tsayawa a bakin ƙofa. Daga baya har ta yarda suka shiga suka zauna a bencin baranda na ɗan lokaci suka fito. Da na gane abin da yake yi raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa yayata ba giwa ba ce. Ya ce ya sani. Ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya fara ci, don ta daina rawar jiki idan ta ji warin asibiti. Da a nan ya tsaya, wataƙila da wani labarin nake ba ku.

Saura kwana huɗu ranar tiyata ita da kanta ta tambaye shi, wai jinin da matar nan take ɗiba duk wata, me za ta yi da shi a ƙarshe. Ya faɗa mata abin da Dakta ta taɓa ce masa, cewa wata rana abin da ake koya daga giwa zai iya taimakon masu ciwon daji. Gaskiya ta faɗa, gaskiya ya maimaita. Inda ya kauce shi ne a lissafin lokaci. A duk shekarunsa na aiki, idan likitan dabbobi ya ɗebi jinin zaki ko barewa, cikin mako guda sakamako ke dawowa, magani ya biyo baya. Bai taɓa ganin an ɗebi jini don a san abu kawai ba. Sai ya zauna ya auna a ransa: ciwon babba ne, dole ya fi na barewa ɗaukar lokaci, amma an kusa shekara ana ɗiba, ai dole an kusa. Ya ce mata yana jin maganin bai yi nisa ba, kuma ba na wuƙa ba ne. Mace mai neman inda za ta ɓuya ka nuna mata ƙofa a buɗe, me kake zato? Ranar tiyata ta zo ta wuce, katin yana cikin aljihun keken ɗinki tare da maɓallai.

Bai taɓa gaya wa Dakta ba. Wannan shi ne abin da har yau idan na tuna sai in ji kamar in fasa ihu. Kunya ta hana shi ambaton nonon matarsa a gaban baƙuwar mace, sannan a tunaninsa mai aikin hankali ba a tsaya masa a ka. Duk Talatar farko, idan ta rufe kularta, sai ya ce, "Dakta, aiki na tafiya?" Ita kuma baiwar Allah ta ce, "Yana tafiya sosai, Baba, muna samun abubuwa masu kyau." Ya ɗauko wannan ya kawo gida da zafinsa ya ajiye a gaban Yaya. Ya ƙara kula da Tsohuwa fiye da da, ya riƙa zaɓar mata ciyawa da hannu, ya hana kowa ba ta abin da bai duba ba. Har ya taɓa tambayar Dakta ko za ta ƙara kwalba ɗaya idan hakan zai sa aikin ya yi sauri, ta yi dariya ta ce huɗu sun isa.

Ni ma ina da nawa kason, ba zan ɓoye ba. Na yi karatu, ina koyar da yara cewa idan ba su gane ba su ɗaga hannu su tambaya. Amma Yaya ta yi wata biyu ba ta yi mini magana saboda na matsa mata, ranar da ta sake kirana Auta sai na ji ba zan iya komawa gaba da ita ba. Na ce a raina wa ya sani, wataƙila masu ilimin nan sun kusa ɗin. Gidan namun dajin bai fi tafiyar rabin awa daga makarantarmu ba. Wata goma sha ɗaya ban taka ba.

Ciwon kuwa bai jira kowa ba. Hannunta na hagu ya kumbura har ta daina iya riƙe yadi a ƙarƙashin allura. Ta fara mayar wa mutane kayansu ba a ɗinka ba, tana cewa idonta ne ya yi rauni. Ta rame, dariyar ta ragu, ta koma sa manyan riguna tana fesa turare da yawa, ni kuma na san abin da take rufewa. Sai ciwon baya ya shigo. Shi da yake gane giwa ba ta da lafiya daga yadda ta tsaya kawai, yana ganin duk wannan, yana ɗumama mata ruwa yana gasa mata bayan, yana ce mata ta ƙara haƙuri.

Wata safiya na biya kafin in wuce makaranta na tarar da ita zaune a ƙasa a gefen keken, cikin ƙyallaye. Ta durƙusa ɗaukar almakashi ne ta kasa tashi, ta fi awa guda a wurin. Na ɗaga ta da ƙyar na kwantar da ita, na kira maƙwabciya ta zauna da ita. Na duba waya na ga Talata ce, ta farkon wata. Na tari mota ban ko yi tunanin 'yan ajina ba.

Na same su a tsakiyar aiki. Tsohuwa ta jingina da shinge, yana riƙe da kunnenta, ruwan ɗumi na tsiyaya ta gwiwar hannunsa, Dakta na sauya kwalba. Ba a ɗaga murya kusa da giwa idan allura na jikinta, ko ni na san wannan, don haka na tsaya a bayan igiya ina tafasa har suka gama. Da ya gan ni sai ya sha jinin jikinsa. Ban kula shi ba, na je gaban Dakta na gaishe ta a gajarce na ce ni ƙanwar matarsa ce.

"Dakta, maganin nan yaushe zai fito?"

"Wane magani?"

"Na ciwon daji. Wanda kike haɗawa da jinin giwar nan. Yayata tana jira."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ajiye kular a ƙasa a hankali. Ta ce ita ba magani take haɗawa ba. Tana ƙoƙarin fahimtar yadda giwa ta samu wannan kariya ne kawai, yadda abin ya faro da yadda yake aiki. Ta ce idan ma wani abu zai fito daga irin wannan bincike da zai kai ga marasa lafiya, ana maganar shekara ashirin ko talatin, kuma yana iya yiwuwa ba abin da zai fito. Sannan ta tambayi tun yaushe likita ya ce a yi tiyatar. Na ce wata goma sha ɗaya. Sai ta kifa bokitin da ba komai a ciki ta zauna a kai.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ban so in sa ki gaggawa ba," in ji shi.

Tsohuwa tana ta miƙo hannu ta cikin shinge tana taɓa kafaɗarsa, don ba a ba ta ladanta ba. Ya ciro rake ya ba ta. Bai juyo ba ya tambayi Dakta, ita giwar shekara nawa ta ɗauka kafin ta samu masu gadin nan. Ta ce miliyoyin shekaru. Ya ce to waɗanda ba su samu ba fa, a tsakanin?

"Sun mutu, Baba. Waɗanda suka rage su ne suka haifi waɗannan."

Ya gyaɗa kai. Ya wanke hannu a famfo, ya cire rigar aiki ya rataye, ya ce mini mu tafi.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya shiga ɗaki ya tsaya a kanta ya ce, "Tela, tashi, asibiti za mu." Ba lallashi, ba tambaya. Ta ɗago ta kalle shi, ta ce in miƙo mata mayafinta. Shi ke nan. Ko musu ɗaya ba ta yi ba. Ya ɗauke ta cak ya kai ta mota, ni kuma ina biye da su da takalmanta a hannu ina kuka, ba don ciwonta ba, sai don na ga da idona cewa kalma ɗayar nan da na roƙe shi shekara guda da ta wuce ta isa. Da ya faɗe ta a lokacin, da ta bi shi.

Dakta ta kira wani da ta sani, aka ba mu gado a ranar. Likitan nan mai tabarau ne ya sake duba ta. Bayan an yi hotuna ya kira mu ofishinsa, ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya da hanta, tiyata ba ta da amfani yanzu, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Ya duba tsohuwar takardar da ke cikin fayil, ya ga ranar da ya rubuta da hannunsa, ya rufe fayil ɗin. Da ya yi mana faɗa da ya fi mini sauƙi.

A baranda na wanke Mai Giwa tas, a gaban masu jinya da masu shara. Ban bar komai ba. Na ce masa ya kashe mini yaya da haƙurinsa, ya je ya zauna da giwarsa mai masu gadi ashirin. Yana tsaye hannuwa a baya, da na gama ya ce, "Haka ne, Auta." Na ce tunda shi ya dasa mata wannan ƙarya, shi zai cire ta da bakinsa. Ya faɗa mata babu wani magani, ta san inda take, ta yi sallama da 'yarta, ta nemi gafarar wanda za ta nema. Na rantse idan bai faɗa ba ni zan faɗa. Ya ce zai faɗa.

Wata guda tana kwance a gado na uku daga ƙofa, a ɗaki mai gado takwas da fanka ɗaya mai ƙara. 'Yarta ta zo muna karɓa-karɓa. Shi kuma ya je ya ciyar da Tsohuwa da sassafe, don ba ta karɓar abinci sosai a hannun wani, ya dawo ya zauna a kujerar roba yana riƙe da ƙafar Yaya. Kullum in tambaye shi da ido, kullum ya sunkuyar da kai. Ita kuwa mun ce mata an kwantar da ita ne don ta samu ƙarfi. A ƙarshen watan likita ya ja ni gefe ya ce mu shirya, bai ga za ta wuce kwana biyu ko uku ba.

Washegari Talatar farko ce. Ya shigo da rana bai samu ya yi wanka ba. Yaya tana kwance ido a rufe tun safe, amma yana zama ta buɗe, ta ɗan yamutsa hanci, har ta yi abin da ya yi kama da murmushi.

"An ɗiba yau?"

"An ɗiba."

"Me ta ce?"

Maimakon ya amsa, ya juyo ya kalle ni. Sai Yaya ta bi idonsa da nata har ya sauka a kaina. Ta laluba ta kama yatsuna biyu, hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Auta, ke ba kya yi mini ƙarya. An ce kin je kin ga matar da kanki. Ya kusa?"

Wata guda ina shirya abin da zan faɗa idan wannan lokaci ya zo. Na san kalmomin, na jera su a raina sau ba adadi. Na kalli fuskarta, ƙashi da ido kawai, tana jirana kamar yadda 'yan ajina ke jira idan na riƙe takardun sakamako.

"Ya kusa, Yaya."

Ta lumshe ido ta ce, "To, bari in daure."

Ta kuwa daure. Kwana biyun da likita ya ce suka zama tara. Allurar rage zafi ta daina kai ta ko awa biyu, tana cizon mayafi don kada ta dami na gadon kusa, amma ta ƙi sakin rai. Ba ta yi sallama da 'yarta ba, ba ta bar wasiyya ba, don a saninta ba tafiya za ta yi ba. Duk lokacin da ƙofar ɗakin ta buɗe sai ta juyo da ƙyar ta kalli hannun wanda ya shigo, ta ga ko ya riƙo wani abu. Sau uku na sunkuya kusa da kunnenta da niyyar in gyara maganata, sau uku na gyara mata filo na miƙe. A rana ta tara da hantsi ta cika, fuskarta na kallon ƙofa. Allah ya jiƙanta.

Mai Giwa yana nan a wurin aikinsa, saura masa shekara guda ya yi ritaya, kuma likitan dabbobi ya ce Tsohuwa lafiyarta ƙalau. Nakan kai masa abinci ranar Asabar, mu gaisa, in zauna a bakin ƙofa, ya zauna a ciki. Tun daga waccan Talatar da na ce wa Yaya maganin ya kusa, ban ƙara ce masa shi ya kashe ta ba. Ba wai na yafe masa ba ne. Bakin faɗa ne ba ni da shi.